Zakaran Zoila Mara 'Yan Kunne

Asabar, 5 ga Satumba

Tun ina saurayi na taɓa jin wani mashayi a kasuwar Carahue yana cewa wai idan zakara mai 'yan kunne ya bi kaza mai 'yan kunne, 'ya'yansu tun a cikin ƙwai suke mutuwa. Dariya na yi. Mutumin da ko hularsa ya kasa riƙewa a ka.

Abin da ya tuno mini da shi, yau wata malama ta zo daga jami'a, Elvira, mai binciken tsuntsaye. Agwagin ruwa ta zo dubawa a tafkinmu na Budi, sai ta ga ƙwai shuɗi a kwandon wata mata, shi ke nan ta bar agwagi ta bi kaji gida-gida. An ce mata in dai masu 'yan kunne take nema, ta zo wajen Don Eleuterio, wato ni. Ba su yi ƙarya ba. Gashin da ke tsirowa a gefen kunnen kajina ya fi azurfar da matanmu ke ratayawa kyau, balle na zakarana Kaftin. Ta auna shi da zare, ya tsaya mata kamar an zo ɗinka masa riga.

Abin da ban faɗa mata ba: marigayiya matata Clorinda ta bar mini kaji cike da tsakar gida, yanzu saura bakwai, duk sun fara tsufa. In bana ma ba su ƙyanƙyashe ba, irin ya ƙare a hannuna.

Litinin, 14 ga Satumba

Kwancin farko ya tashi. Fiye da rabi baragurbi. Tsawar makon jiya ce, ga ƙasa ta ɗan girgiza ranar Laraba. Na ƙara ƙarfen kofaton doki a ƙarƙashin kowace sheƙa, shi ne makarin tsawa a wajenmu.

Alhamis, 17 ga Satumba

Malama ta dawo ta tarar zan binne baragurbin, ta ce in ba ta ta fasa. Na ce mu nan ba ma leƙa cikin abin da ya mutu. Ba ta yi musu ba. Ta zauna ta sha shayinmu na mate, ta ci gurasar toka da barkono, ta yaba, ta ƙara. Da ta ci ta uku na ga ba ta da niyyar tafiya, na miƙa mata kwandon.

'Yan tsaki ne cikakku, da gashinsu, saura kaɗan su fito. Ta ce in da za ta san wace kaza ce ta saka wane ƙwai, da aikinta ya yi sauƙi, amma ta san ba zai yiwu ba. Na ce me zai hana? Na Baƙa dogo ne, na Gurguwa yana da ɗigo-ɗigo a gindi, na Sarauniya shuɗinsa ya ja zuwa kore. Na ware mata su ɗaya bayan ɗaya, tana sa alama da fensir a ɓawon. Da muka gama abin ya fito fili, har ni da ba na so in gani. Matattun kusan duk na masu 'yan kunne ne. Kajina biyu marasa 'yan kunne, masu fuska fayau, waɗanda nake rainawa, nasu sun fito.

Ta ce haka ta gani a wasu gidajen, sai dai babu wanda ya iya ware mata ƙwan. "Ban tabbatar ba, chachay. Sai an gwada da zakara mara 'yan kunne, kuma ni ko kaza ɗaya ba ni da ita." Chachay, haka ake kiran dattijo a wajenmu.

Na ce tsawa ce. Ta ce to wace irin tsawa ce take zaɓen kaza?

Lahadi, 20 ga Satumba

Zakara mara 'yan kunne daga irin masu ƙwai shuɗi, kaf yankin nan mutum ɗaya ke da shi. Zoila, ƙanwar Clorinda. Duk mutanen duniya a rasa wa, sai ita.

Asabar, 26 ga Satumba

Malama ta ce ta je ta saya mana. Na ce ta rufa wa kanta asiri. Iri ba a sayar da shi a wajenmu, na dankali ne, na wake ne, ko na kaza. Trafkintu ake yi: ka shimfiɗa mayafi, ka ɗora naka, ta ɗora nata, kowa ya ba da tarihin abinsa, a yi musaya, a ci abinci a kwano ɗaya. Daga ranar kuwa kun ɗaure da juna, duk abin da irin ya haifa kana da ta cewa a gidanta, tana da ta cewa a naka. Wannan na ƙarshen ne ya hana ni barci.

Na ɗauki buhun irin dankali da kaza guda, ni da Malama muka haye tafki. Zoila ta dubi mayafina ta ce dankali tana da shi har aladu sun gaji. Ta ce Kaftin take so.

Na ce wannan abin nata mai fuska kamar an aske shi da wuƙar yanka kifi, shi za a haɗa da Kaftin? Ta ce ai yayarta kullum tana ajiye irinsa guda a garke, ina ya tafi? Na ce an yi romo da shi ranar zaman makoki, kuma ita ce ta fi kowa ƙari.

"To ka ga, tsoho, kai ka ci zakara, ni na ci zakara, kaji suka yi asara. Kawo Kaftin."

Malama ta sunkuyar da kai tana ta duban igiyar takalminta.

Talata, 29 ga Satumba

Na kai shi. A hannu na riƙe shi cikin kwalekwale, ban sa shi a buhu ba. Na ba da tarihinsa tun daga kakarsa, Zoila ta ba da na nata a taƙaice, wai uwarsa ta taɓa korar shaho. Muka ci dankali da romo a kwano ɗaya.

Baƙon ko cara bai iya ba. Sai ka ce ƙofa mai tsatsa.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Na so in tara ƙwai, Malama ta ce a'a, har yanzu da sauran Kaftin a jikin kajin, in jira. Yarinyar da na girmi ubanta tana koya mini haƙuri. Na soya na wannan makon, mun cinye tare.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Sarauniya da Baƙa sun kwanta. Malama ta roƙi in cire ƙarfen kofato daga sheƙa ɗaya, don a san gaskiya. Na cire na Baƙa. Jiya kuma aka yi tsawar da ta kori karnuka ƙarƙashin gado. Na ce shi ke nan, yanzu za ta gani.

Lahadi, 15 ga Nuwamba

Sun fito.

Tun da safe na ji ƙiu-ƙiu daga akurki, na shiga da takalmi ƙafa ɗaya. Ƙarƙashin Sarauniya kamar an kifar da kwandon auduga. Na ɗaga Baƙa, wadda ba ta da ƙarfe, wadda tsawa ta bi ta kanta, na tarar nata ma sun fito, baragurbi biyu kawai. Kuma kusan rabinsu ga ɗan tsiron gashi nan a gefen kunne. Wato 'yan kunnen ba su ɓata ba, a jikin iyayen mata suke, mummunan nan hanya kawai ya buɗe musu.

Na aika a kira Malama. Ta durƙusa a cikin kashin kaji da wandonta mai kyau tana dubawa. Ta ce za ta rubuta, kuma sunana zai fito kusa da nata. Na ce ta rubuta Clorinda Painemal, kajinta ne. Ta ce duka biyu. Ban hana ba.

Tun da aka binne Clorinda tsakar gidan nan bai yi irin wannan hayaniya ba.

Asabar, 28 ga Nuwamba

Ƙarafan kofaton na rataye su a ƙofar akurki. Ba wai na daina yarda da su ba ne, wurin ne ya fi dacewa da su. Na kuma ware 'yan zakaru biyu masu fuska fayau, na ce kada kowa ya taɓa su. Tukunya ta yi haƙuri. Uban nasu yanzu a tafin hannuna yake cin alkama, don dai ya fi sauƙi. Carar tasa ma in mutum ya saba ba ta da laifi.

Zoila ta hayo tafki yau duba 'ya'yan zakaranta, kamar yadda musaya ta ba ta dama. Ta ce Kaftin ya cika mata gida, kajinta marasa 'yan kunne sun ƙyanƙyashe masu 'yan kunne har maƙwabta na zuwa kallo. Ta zauna a kujerar yayarta, ban ce ta tashi ba. Ta sha mate, ta dube ni ta ce bari ta faɗa mini wani sirri da ta gano da kanta: kada in kuskura in haɗa mai 'yan kunne da mai 'yan kunne, a cikin ƙwai suke mutuwa.

Na ce ashe? Na ƙara mata ruwan zafi.

A da, daga bakin mashayin Carahue na ji. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, zan ce wadda ta faɗa mini ta ƙarshe Zoila ce, ƙanwar Clorinda, kuma ta ce Asabar mai zuwa ma tana tafe.