Giya Shida a Tsohon Keke

Bawku, daren Laraba, daminar 1989

Na samo giyar keke mai hawa shida, don in daina zama na baya in muna tseren zuwa kasuwar garin Garu da abokina Dawuda. Tsohon kekena na hawa biyar ne, da na ɗaura sabuwar giyar, tayar baya ta ƙi shiga. Sai an buɗa ƙarfen baya da katako, ɗaya na riƙe, ɗaya na ja.

Na je wurin Dawuda. Ko kallona bai yi ba. "Ni da ka kira fanko gaban mutane? Malam mai karatu, littafinka ya riƙe maka."

Na ɗaure keken jikin darbejiya, na ja ni kaɗai. Tayar ta shiga, amma a karkace, kamar tana waiwayen wani.

Jibi kasuwar Garu. Dawuda bai ce zai biyo mini ba.