Kwantaccen Cikin da Ba Ɗa Ba Ne

Fulatan, ƙasar Rogo

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara, da fatan kuna lafiya. Yaya zafin Makka, yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, ana cirar gyaɗa.

Kin san kumburin marata da Inna ke cewa kwantaccen ciki ne, tana ta karɓo mini rubutu don ya tashi. Da na fara ganin jini, maigida ya sa ni a motar Karaye sai asibiti a Kano. Likita ta shafa mini mai, ta ɗora na'ura, sai ga cikina a talabijin.

Ta nuna wani dunƙule kamar goruba ta ce, "Wannan ba ɗa ba ne, ƙari ne, amma ba mugu ba." Sai ta gusa, ta nuna wani ɗan mitsitsin abu yana harbawa. "Wannan kuwa zuciyar ɗanki ce."

Abin da Allah Ya ɓoye a duhu, ga shi ina kallo. Ba za a taɓa ƙarin ba sai na sauka. An hana ni daka, kuma a asibiti zan haihu.

Da Inna ta ji, sai ta ce, "Muna ta tashin mai barci, ashe idon wani biyu."

Ki gaishe da kowa. In kin je ɗawafi, ki roƙa mana Allah Ya sa maƙwabcin ɗan nan nawa ya bar masa wuri.

Ƙanwarki,
Saude