Kaset ɗin Sunan Jaririnka

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Binta da jariri? Mu nan Malumfashi lafiya lau.

Kaset ɗin sunan ya iso, amma raina a ɓace yake. Bidiyon maƙwabcinmu Alhaji Bala ya ba da murya, ba hoto. Maimakon ya yarda injinsa ba ya karɓar na ƙasar waje, sai ya ce wa Inna a gaban mutane, "Hajiya, shara ɗanki ya aiko miki." Ta tashi ta fita.

Na kai ta Funtuwa gidan Maman Ngozi mai shago, wadda injinta ke karɓar kowane iri. Inna ta ga jikanta, har tana shafa gilashin talabijin. Gidan Alhaji kuwa, na daina takawa.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Binta.

Ƙanwarka,
Hadiza