Baba, Daminar da Na Shiga Gabanka Zuwa Wasagu

Zuwa ga mahaifina, marigayi Saja Bawa mai ritaya,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya daga ɗiyarka Saratu. Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa muna nan lafiya a Zuru, ni da maigidana da yara. Mama ma lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwa da ke tasar mata idan hadari ya haɗu. Jiya aka rufe makarantu don dogon hutu, na sallami 'yan ajina, na wayi gari yau ba ni da inda zan je. Shi ya sa na zauna rubuta maka. Na san waɗansu ne za su karanta, amma da kai nake magana.

A duk ƙasar Zuru ban san wani mai son wasan kurket, na bugun ƙwallo da allo, ba sai kai. A Indiya ka koya, lokacin da soja suka tura ka kwas. Abokan tafiyarka sun dawo da agogo da yadi, kai ka dawo da wasan da ba wanda ya san kansa balle gindinsa. Sau uku kafinta yana ɓata katakon malaina kafin ya sassaƙa maka allon bugun da ya gamshe ka. Ka feƙe turaku uku, ka samo ƙwallon tanis, shi ke nan filin firamare da ke bayan coci ya zama naka duk yammacin Asabar.

'Yan wasanka kuwa mu ne 'ya'yanka, da 'yan ƙungiyar mawaƙan coci, da tsofaffin sojoji biyu masu tumbi, da Emeka mai shagon kayan keke, wanda ya shigo don ya riƙe ka a matsayin mai saye, ya ƙare yana rufe shago da wuri saboda wasa. Ranakun da ba mu fita ba, kana gindin mangwaro da rediyonka a kunne, kana jin wasan wata ƙasa da Turanci, ka kira ni ka bayyana mini wa ke gaba. Mama takan ce wasan da za a kwana biyar ana yi a tashi ba wanda ya ci, gara mutum ya je ya yi noma.

Abu na biyu da aka san ka da shi shi ne baƙin kekenka, wanda kake gogewa kamar za a kai shi fareti. Da babura suka cika gari, Yaya, babban wanmu, ya aiko daga bariki cewa zai saya maka ɗaya. Ka ƙi. Ka ce wanda ya zo a babur sauri yake ya koma, mai keke kuwa dole ya zauna ya sha ruwa ya ji labarin gida. Don haka duk dogon hutu sai ka ɗaure gishiri da sabulu da sukari a kariyar keke, ka sa allon bugun a tsakiya, mu kama hanyar dangi: Ribah wurin babbar ɗiyarka Yaya Rifkatu, Wasagu wurin Gwaggo Kande, daga baya Dirin Daji wurin 'yan uwan Mama. Maza sun watse neman abinci, ni ce na rage ina bin ka a nawa keken.

Daminar da nake son mu tuna ita ce ta shekarar da na gama kwalejin horon malamai, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa garinmu, sai mutum ya hau tudu yake samun magana.

Ranar Asabar kafin tafiyarmu, Emeka ya ɗaga ƙwallo sama, ta nufo ka kai tsaye. Irin wadda kake cafewa da hannu ɗaya kana hira. Ka buɗe hannu biyu ka tsaya, ta faɗi taku ɗaya daga gefenka. Aka kwashe da dariya, kai ma ka yi, ka ce rana ce ta kashe maka ido. Na ɗaga kai na duba. Hadari ne ya rufe sama tun azahar.

Kwana biyu bayan haka saƙo ya zo cewa Gwaggo Kande ba ta jin daɗi. Ita ce yayarka da ta raine ka bayan rasuwar mahaifiyarku. Mama ta ce mu shiga mota. Ka ce tunda kake ba ka taɓa zuwa wa Kande a mota ba, idan ta gan ka kana saukowa daga mota za ta ɗauka an gaya maka mutuwa za ta yi.

Mun fita bayan addu'ar safe. Tsaunuka sun yi kore shar, dawa ta kai ƙugu, mata na gasa masara a bakin hanya. Kamar kullum kana gaba ina baya, domin tun ina ƙarama bayanka nake kallo in san inda zan sa taya. Sai na ga kana faɗawa ramukan da ko makauniyar akuya za ta kauce musu. Na farko na ce tsautsayi ne. Na biyu na ƙura wa bayanka ido. Da muka zo wata kwalbati da ruwa ya cinye gefenta, ka miƙe sak ka nufi wurin da babu hanya. Na ƙwala maka kira, ka kama birki, amma keken ya riga ya zame. Ka faɗi a laka, gwiwarka ta goge, sabulai suka warwatse a cikin ciyawa.

A gindin wata ɗorawa na wanke maka ciwon da ruwan goranmu. Nan ka gaya mini gaskiya, kana kallon ƙasa. Tun kakar bara komai ya zama a idonka kamar ana hura wuta da ɗanyen itace. Idon hagu ya kusa rufewa, na dama yana ganin launi da girman abu, amma ba ya rabe rami da inuwa. Ka roƙe ni kada in gaya wa Mama, domin ka san ranar da ta ji za ta kulle keken. Ban taɓa jin ka roƙi wani cikinmu wani abu ba, umarni muka saba ji. Na ce mu koma gida. Ka ce, "Kande ta goya ni ta tsallaka rafi da ni ba sau ɗaya ba. Ba zan juya daga nan ba." Na yi maka alkawari ba zan gaya wa Mama ba.

Ka ɗaga kai ka dubi ɗankwalina ruwan ɗorawa, ka ce wannan kam kana ganinsa sarai. Ka ce in shiga gaba. Muka shirya kamar sojoji: ƙararrawa ɗaya rami ne, biyu a tsaya.

Baba, ban taɓa gaya maka irin tsoron da na ji ba. Ban san hanya tana da faɗi haka ba sai ranar da babu bayanka a gabana. Ina taka feda ina kasa kunne in ji ƙarar sarƙarka, idan ta yi shiru in waiga. Amma kafin mu hango Ribah har ka fara yi mini faɗa cewa ina kaɗa ƙararrawa kan kashin shanu, ina ɓata maka gudu.

Yaya Rifkatu ta tarbe mu da tuwon dawa miyar yakuwa, ta dafa mana ƙwan zabi cike da kwano. Ka ce mata santsi ne ya kayar da kai. Da la'asar jikokinka suka zaro allon bugu suka kafa turaku a ƙofar gida. Ka ce gwiwa ba za ta bar ka buga ba, yau kai ne alƙalin wasa. Na tsaya kusa da kai ina raɗa maka abin da ya faru. Sau ɗaya na juya shan ruwa, ka fitar da mutumin da ƙwallo ba ta ko kusanci turakunsa ba. Da aka yi ca a kanka, ka ɗaga yatsa ka ce ba a jayayya da alƙali, haka dokar take har a Indiya. Na shiga bayan ɗaki na yi dariya har da hawaye, ban san na wanne ba ne.

Washegari muka nufi Wasagu. Wani rafi ya kawo, manoma suka taya mu ɗaga kekunan a ka, ni kuma na riƙe hannunka kamar ni ce ke jin tsoron ruwa.

Mun tarar da Gwaggo zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, amma ta samu sauƙi. Tana jin ƙararrawa ta ce wa mutanen gidan ga ɗan wahalar nan nata ya iso. Ta miƙa maka kofin kunu, ka kai hannu gefe. Na ga ta gani. Ta kamo hannunka ta ɗora a kan kofin kamar ba komai, ta ci gaba da tambayar Mama.

Kwana uku kuka yi kuna hira da yarenmu na C'lela a inuwar rumbu, kuna lissafa waɗanda suka rage cikin sa'o'inku, kana tuna mata dukan da ta yi maka ranar da ka bar tumaki suka shiga gonar maƙwabta. Ban taɓa ganin ka zama ƙaramin wani ba sai a gidan nan. Har aike take yi maka, kana tashi.

Ranar da za mu taho ta ja ni bayan rumbu, ta tambaye ni ko ka sa ni alkawarin ɓoye maganar idonka. Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, shi ya ɗora miki, ni na sauke. Na girme shi. Kina isa ki gaya wa uwarki."

Duk hanyar dawowa ina kaɗa ƙararrawa ina juya maganar. Kai kuma kana baya kana rera waƙoƙin fareti, ranka fes.

Mun isa da yamma, washegari na gaya wa Mama. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya, ta ce dama ta daɗe tana ganin kana zuba shayi a gefen kofi, tana jira ne ka faɗa da bakinka. Kafin azahar keken ya koma ɗakinta. Ba ka yi faɗa ba. Da ma faɗan ka yi. Kwana tara ina gaishe ka kana cewa "lafiya" kawai. Kana kunna rediyo a gindin mangwaro, ina wucewa da gangan, ba ka kira ni ka ce zo ki ji.

Yaya ya zo ya kai ka asibitin ido a Sakkwato, ni da Mama muka bi. Suka ce yanar ido ce, za a iya cirewa. Na hagu bai dawo sosai ba, na dama kuwa ya washe. Ranar da aka kwance bandejin ka daɗe kana kallon Mama, ka ce ashe ta yi furfura haka ba ta gaya maka ba. Sannan ka juyo wurina. Na shirya jin komai. Sai ka tambaye ni ko na kai kekena wurin Emeka ya duba birkin baya, domin tun daga Ribah kake jin yana kuka. Na ce ban kai ba. Ka ce in kai, kuma in ce kai ka aiko ni. Iyakar sulhunmu ke nan, ba mu sake ɗaga maganar ba.

Gwaggo Kande ba ta kai wata daminar ba. Ta rasu da rani, cikin barcinta. A wurin jana'iza na tuna cewa ni ce na ce mu juya daga gindin ɗorawar nan, na gode wa Allah da ba ka saurare ni ba.

Kai kuwa damina uku ka ƙara a kan sirdi, da tabarau mai kauri da ka ɗaure da roba ta bayan kai. Ka cafe ƙwallon Emeka da hannu ɗaya, ka zagaye filin da gudu, tsofaffin sojojin nan na sara maka. A tafiyarmu ta ƙarshe zuwa Dirin Daji, inda kawunnai suka yanka mana zabuwa, ba ka shiga gaba ba, ba ka kuma ce in shiga ba. Muka jera, kana nuna mini tsuntsaye a kan wayar lantarki kana ƙirga su da ƙarfi don in san kana gani. Da kakar shekarar ka kwanta, rashin lafiyar sati biyu.

Yanzu hanyoyin nan ba sa biyuwa yadda muka san su, yarana sun san Wasagu a baki ne kawai. Ina ba su labari, suna cewa in ƙara. Idan na gama ba baƙin ciki nake ji ba, sai in ji kamar na ci na ƙoshi.

Abu ɗaya ya rage tsakaninmu. Na karya alkawarin da na yi maka, ban kuma taɓa ba ka haƙuri ba. Na sha shirya kalmomin, in zo gabanka in kasa. Da na ɗauki biro yau na ɗauka abin da zan rubuta ke nan. Amma Baba, na duba zuciyata ban samu nadama ba. Da za a maimaita, zan kai ka wurin yayarka, in dawo da kai lafiya, in kuma shiga madafa in gaya wa Mama. Ina jin kai ma ka sani, shi ya sa ba ka taɓa nema ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, kai da Gwaggo Kande. Ya ƙara wa Mama lafiya da ƙarfin gwiwa. Ya kwantar da ƙasarmu, ya buɗe hanyoyin dangi, jikokinka su taka su da ƙafarsu. Ya sada mu a ranar da ya nufa, cikin sunan Yesu, amin.

Ka huta lafiya, Saja.

Ni ce ɗiyarka mai ƙaunarka,
Saratu
Zuru