Magaryar Yaya

Litinin, 7 ga Yuni
Yaya ya dasa magarya a lambuna. Magarya! Tsakanin furannina da lemon da na yi shekara uku ina lallaɓawa. Wata biyar ke nan yana zaune a ɗakin baya tun da aka sallame shi daga aikin tuƙi, abin da ya iya tsinanawa ke nan. Wai irin ta bayan gidanmu ce ta da. To, sai me?

Asabar, 19 ga Yuni
Ya kewaye ta da tsofaffin tayoyi, kamar wani zai sace ta.

Laraba, 25 ga Agusta
Na dawo daga asibiti a gajiye, na tarar ya tsuguna yana yi mata magana. Ni ko sannu da aiki ban samu ba. Maigida na ta dariya, wai in bar shi, ya samu abokiyar hira.

Lahadi, 15 ga Mayu
Kusan shekara guda. Ta kai ƙirjina, ba ɗa ko ɗaya, sai ƙaya. Yau ta yaga mini farar rigar aiki a kan igiyar shanya. Na ce, “Yaya, kai da ita duk ɗaya ne, cin wuri da ɓarna.” Gaskiya ai na faɗa.

Talata, 17 ga Mayu
Ya tattara kayansa ya koma wurin autanmu. A bakin ƙofa ya ce, “Kada ki cika mata ruwa, ba ta so.” Kamar da ma zan ba ta.

Alhamis, 8 ga Satumba
Ta yi fure. Munana, ƙanana, ƙudaje sun cika wuri.

Juma'a, 2 ga Disamba
'Ya'ya jajur har ƙasa. Na ɗanɗana ɗaya don in san iyakar shirmen. Ba laifi. Maƙwabci ya leƙo ta katanga da adda, wai zai taimaka ya sare reshen da ya shiga gidansa. Na ce ya kuskura.

Lahadi, 4 ga Disamba
Na kira Yaya, na ce rassan sun yi yawa, ban san yadda ake rage su ba. Ya ce zai zo Asabar.
Na share ɗakin baya, na canza zanin gado. Ƙura ce kawai ta yi yawa.