Muryar Umma a Tukunyar Shinkafa

Changwon

Yaya Gyu-tae,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Baba kuna lafiya. Ya aikin tafarnuwa?

Ni kam kwanakin nan ko na zauna sai in miƙe. Kamfani ya sa mu kwashe manhajar tukunyar shinkafa mai lantarki da muke ƙerawa daga tsohon tsari zuwa sabo, don masu tsohon sun daina kula da shi. Komai ya ƙaura lafiya ban da muryar Umma. Ka san tun ina goye aka ɗauki muryarta, kowace tukunyar kamfaninmu da ita take magana. Sabon tsarin ba ya karanta irin wannan ɗaukar, faifan asali kuma ya ɓata. Na zaƙulo ta daga cikin tukunya, sai ƙara kamar ana suyar kifi. Manaja ya saurara ya ce mini, "Injiniya Pyo, fatalwa za mu sayar wa mutane?" Bai san uwata ba ce. Sun sa muryar wata yarinya.

Sabuntawar za ta shiga duk tukunyar da ke jone da intanet. Don Allah ka cire tukunyar Baba daga intanet.

Ƙanwarka,
Eun-sol

Namhae

Eun-sol,

Muna lafiya, tafarnuwa ta yi kyau. Na cire, hankalinki ya kwanta. Ke da kika yi karatun har ki kasa ɗauko magana biyu daga tukunya? Ina amfanin gilashin nan naki?

Na ɗauki muryar a waya na kai wa Baba, ya ture hannuna. Ya ce, "Uwarku ba ta san waya ba, a kicin na san ta." Kullum da safe yana tsaye a kan tukunyar har ta ce shinkafa ta dahu, ya ce mata sannu da aiki. Tun rasuwarta bai fasa ba.

Ki ci abinci.
Yayanki

Changwon

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, na dawo da wata maganar. A wajen gwaji mun gano tsohuwar manhajar tana iya sakin murfi tururi bai gama fita ba. Abokin aikina ya ƙone a hannu jiya, ina tsaye. Gyaran yana cikin sabuntawar, kuma ba a raba shi da sabuwar murya. Na gwada, na roƙi manaja, na sake gwadawa.

Baba fuskarsa yake kaiwa dab da murfin don kunnensa ya yi nauyi. Tsoro nake ji, Yaya. Ka mayar da intanet ɗin, kada ka gaya masa. Ko ka gaya masa. Ban sani ba.

Eun-sol

Namhae

'Yata Eun-sol,

Ina gaishe ki. Yayanki bai iya ɓoye magana ba, ya karanta mini takardarki. Ki daina wahalar da kanki, aikinki kika yi.

Jiya na yi ta dafa shinkafa don in ji muryar uwarki, ina rabawa, sai da maƙwabta suka ce ta ishe su. Da yamma na sa shi ya jona.

Yau da safe yarinyar ta ce shinkafa ta dahu. Tana da ladabi. Ni dai ban buɗe ba, ina jiran uwarki ta faɗa, har shinkafar ta huce.

Ki zo hutun kaka.
Babanki