“Share” ta Hausa ce ko ta Turanci?

Salama gare ku jama'ar wannan zaure, Kirista da Musulmi. Admin a rufa mini asiri a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ina so in ji daga gare ku kafin Asabar.

Ni tela ce a Kafanchan, mijina ya rasu bara, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu. Malamin kwamfuta ne a wata sakandare, irin mutanen nan da ba sa barin na'ura yadda ta zo daga shago. Laptop ɗinsa ma ba Windows ba ce a ciki, wata aba ce da yake kira Linux, shi yana buɗe baƙin allo ya yi ta rubutu, ni ko kallo ba na son yi, kaina yake juyawa. Da ya gaji da mitata sai ya riƙa rubuta umarnin ya ajiye, ya yi wa kowanne 'yar alama a fuskar kwamfutar, in danna sau biyu kawai aikin ya yi kansa. Kuma dukansu da Hausa ya sa musu suna, don ya san Turancina na kasuwa ne. Akwai “hotuna”, akwai “waƙoƙi” ta waƙoƙin zumuntar mata, akwai “ajiye”. In na danna sai ɗan akwati ya fito yana tambaya, Run ko Display, ya ce mini kullum Run zan zaɓa. Haka nake yi ban taɓa tambayar dalili ba.

Akwai alama ɗaya mai suna “Baba”. Surukina kafin ya mutu ya sa mijina ya ɗauke shi bidiyo a gonar citta da ke wajen Fadan Kagoma, yana tsaye kusa da ɗorawar kan iyaka, yana faɗa da yarensu cewa wannan gonar ta mijina ce da 'ya'yansa, mata ne ko maza. Ku da kuka san garuruwanmu kun san abin da wannan maganar take nufi ga mace mai 'ya'ya mata zalla. Babu takarda, babu wani shaida da ya rage a raye, bidiyon nan ne kaɗai. Mijina ya kulle foldar da yake ciki, wannan alamar ce kawai take buɗe shi a kalla, na gwada kwafa a filash ya ƙi. Na ɗauka da wayata daga allon, amma sifikar ta tsufa, muryar Baba ba ta fita, sai ka ga tsoho yana motsa baki kawai.

Lokacin jana'iza ƙanin mijina, bari in kira shi Bulus, ya karɓi laptop ɗin wai zai ciro hotuna don buga tsarin sujada. Ta daɗe a wurinsa, sai da na aika sau da yawa ya dawo da ita. Ni a lokacin ba ta kwamfuta nake ba, na sa ta a ƙasan akwati. Da damina ta matso aka fara maganar wa zai noma gonar, na ciro ta, sai na ga wata alama a kusurwa, an rubuta “share”. Wallahi ba zan iya rantsewa ba ta nan tun da ba, amma ban tuna ta ba, ni kuwa fuskar kwamfutar nan na san ta kamar teburin ɗinkina.

Bulus ya zo gida na nuna masa, ko mamaki bai yi ba. Ya ce, “Ai matarmu wannan share ne na Turanci, Brother ya yi shi don a raba bidiyon Baba wa family duka. Danna kawai, kowa zai samu a waya, magana ya ƙare.” Na ce masa yayanka bai taɓa sa mini suna da Turanci ba, ni abin da idona yake karantawa share ne irin na tsintsiya. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce matsalar rashin karatu ke nan. Raina ya ɓaci sosai amma na haɗiye, na rufe kwamfutar na ce batir zai mutu.

Bayan ya tafi na danna alamar, akwatin ya fito, na zaɓi Display karon farko a rayuwata, ko zai nuna mini abin da ke ciki. Rubutu ya buɗe, gajere ne ƙwarai, ban gane komai ba sai haruffa biyu, rm, da sunan foldar Baba a gabansu. Na ɗauki hoto na tura wa abokin aikin mijina, wani Malam da suka koyar tare, yanzu yana koyarwa a Manchok. Bai amsa da rubutu ba, kira ya yi nan take. Ya ce, “Maman yara, kin danna Run?” Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, wannan umarnin gogewa ne, kuma ba irin gogewar da ake zuwa kwandon shara a dawo da ita ba, ba zai ma tambaye ki ko kin tabbata ba. Na ce wa ya rubuta? Ya ce sai ya ga na'urar da idonsa zai iya duba ranar da aka yi shi, kuma yana wani kwas a Zariya, ba zai dawo ba sai bayan sati mai zuwa.

Tun ranar ba ni da natsuwa, jiya har na yanka atamfar mutane a karkace. In Bulus ne ya sa aka rubuta, to da mutumin da nake zuba wa tuwo nake faɗa ban sani ba. In kuma mijina ne ya rubuta da kansa, me ya sa zai shirya goge maganar ubansa, me ya sani da bai gaya mini ba? Wannan tunanin ya fi ɗayan ci mini rai, don shi ba ya nan balle in tambaye shi.

Yanzu dattawan gida sun sa zama ranar Asabar a ƙauye, sun ce in zo da laptop ɗin. Bulus ya riga ya zagaya ya gaya musu akwai maɓallin da zai raba wa kowa bidiyon, ni ce na ƙi dannawa don ina son in riƙe shi ni kaɗai. In na ƙi zuwa, an ce ina ɓoye wani abu. In na je na ce ɗansu ya ɗana mini tarko, ba ni da hujja, kuma ni bare ce a gidan, aure ya kawo ni. Fasto ya ce in yi haƙuri in bi dattawa, amma shi bai ga rubutun ba.

Na ce wa Bulus a waya, tunda ka tabbata rabawa yake yi, ranar zaman kai ka danna. Ya ce a'a, kayan mijinki ne, da hannunki za ki danna a gaban kowa.

Jama'a in je ko kar in je? In na je, me zan faɗa wa dattawan nan da za su yarda kar a taɓa alamar?